Riƙon Talle

Ku matso cikin inuwa, ku ci gaba da tsintar albasarku, kunne kawai nake nema. Wannan da zan ba ku ba ta dariya ba ce. Na daɗe ina juya ta ni kaɗai, na gaji. In na kai ƙarshe zan yi shiru, ku kuma ku yi ta gardama har a kira la'asar.

A wani ƙauye na bakin gulbi, irin namu, inda albasa ce ci kuma ita ce sutura, an yi wani mutum Sallau. Da rani yana lambu. In an cire albasa kuma sai ya bi manyan motoci ya kai ta kudu, ya yi wata biyu ko uku bai ga gida ba. Matarsa Hajo ce. Su biyun ba masu yawan magana ba ne. Abin da mutane suka sani kawai shi ne, in ya dawo daga tafiya ba ya fara shiga gida, sai ya bi ta rijiya, don ya san a can zai same ta. Ya karɓi bokitin ya ɗauko mata, maza na yi masa dariya, shi ko a jikinsa.

Hajo ta kwana biyu tana naƙuda. Yarinyar ta fito ba ta yi kuka ba sai da ungozoma ta daɗe tana murza mata baya. Uwar kuwa ba ta ga suna ba. Aka raɗa wa jaririya Sa'ade, amma ba wanda ya taɓa kiranta da shi. Talle ake ce mata, kamar kowane ɗa da ya buɗe ido bai tarar da mahaifiyarsa ba.

Tun a makon farko aka fara ganin abin. Tana kwance sai hannunta ɗaya ya kama karkarwa, bakinta na motsi kamar mai tsotso, idanunta su kafe a gefe guda. Kafin a ɗebo ruwa ya sake ta. Tsofaffi suka ce uwarta take gani, a ƙyale ta. Aka ƙyale ta.

Mata uku ne suka tsaya a kan yarinyar nan, kuma a kan wadda za ta riƙe ta a cikinsu zan tambaye ku. Don haka ku lura da abin da kowacce ta yi.

Ta farko Kuluwa ce, ƙanwar Hajo, uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin tana goyon ɗanta na uku, sai ta haɗa su biyun a ƙirjinta. Mace ce mai sauri, mai baki, wadda za ta fara aiki uku ta manta biyu. Sallau abokin wasanta ne, tunda mijin yayarta ne, kuma ko a cikin makoki ba ta fasa ce masa angon albasa ba, tana cewa ba don warinsa ba da tuni ita ma ta aure shi. A shekarar nan ita kaɗai ke iya sa shi murmushi.

Talle na da wata takwas, a tsakiyar damina, abin ya zo ya ƙi tafiya. Da hantsi ne, mata na daka a tsakar gida, yarinyar na kan tabarma. Ta sandare, sannan jikinta duka ya kama jijjiga, kumfa na fita ta bakinta. Kun san yadda muke. Matan suka yar da taɓarya suka ja da baya, kowace na janye ɗanta, don an ce duk wanda yawun ya taɓa ya ɗauka. Masu ƙarfin hali daga nesa suke ba da shawara: a sa mata cokali a baki, a matsa mata albasa a ido, a kara tafin ƙafarta a wuta ko ta farfaɗo. Har wata ta kawo garwashi a kasko.

Kuluwa ta dawo daga rijiya ta tarar da haka. Ta ture kaskon da ƙafa, ta share kumfar da tafin hannunta a gaban kowa, ta juya yarinyar ta kwantar da ita a gefenta don kada ta shaƙe. Ta jira abin ya sake ta kamar yadda ya saba. Bai sake ta ba. Sallau na kudu. Sai ta sunkuce ta ta nufi bakin gulbi, don asibiti a tsallake yake.

Mai jirgi ya dubi yarinyar ya ce shi ba ya ɗaukar mai farfaɗiya, ruwa na kiran irinsu, kuma in ya kira ba ya tsayawa a kan mutum ɗaya. Kuluwa ta zage shi, ta roƙe shi, ta sake zaginsa. Da ta ga lokaci na tafiya, sai ta fizgi masakin wata mai wanki, ta juye kayan a kan yashi, ta shimfiɗa mayafinta a ciki, ta kwantar da Talle, ta ɗora a ka, ta shiga ruwa ta mashigin shanu. Ruwa ya kai mata ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Daga baya takan ce ba ruwan ne ya ba ta tsoro ba. Masakin ne da ke rawa a kanta, ta kasa sanin ko igiyar ruwa ce ke kaɗa shi ko yarinyar ce har yanzu.

A asibiti aka yi wa Talle allura, jikin ya saki. Ta kwana tara a can. Ranar da Sallau ya iso, likitan ya zaunar da shi da Kuluwa. Mutum ne da in ka gan shi ka san ya yi shekaru bai ƙoshi da barci ba. Ya tambayi Sallau sana'arsa, da ya ji, sai ya yi masa magana da abin da ya sani.

Ya ce ƙwaƙwalwar jariri ba a gama ta ranar da aka haife shi ba. Kamar fangalin lambu da aka yafa wa iri take. Kullum sababbin ƙwayoyi na tsirowa, suna miƙa siririyar saiwa suna neman junansu, kuma da wannan saiwar ce yaro ke riƙe suna, da fuska, da hanyar gida. Jijjigar zazzaɓi ta ɗan lokaci, in ji shi, yawanci takan wuce ba ta bar komai ba. Amma wadda ta daɗe, ko wadda ke ta dawowa, kamar ruwa ne ya ɓalle ya bi ta kan fangali. Wani irin ya tafi, wani ya tsaya bai ƙara tsawo ba, wani kuma ya je ya tsiro inda ba a shuka shi ba, ya zama shi ne ke jawo wata jijjigar.

"Nawa ne ya tafi?" in ji Sallau.

"Ban sani ba, kuma ba wanda zai iya ƙirga maka. Abin da na sani, da matar nan ta tsaya jiran jirgi, da ba wannan maganar muke yi ba. Sauran yana nan da rai. Ku tare ruwan, ku kula da abin da ya rage."

Ya ba su magani na safe da yamma, ya ce ko sau ɗaya kada a tsallake.

Bayan yaye, mijin Kuluwa ya sami aiki a wani gidan burodi a gari, suka ƙaura tsallake. Talle ta koma gidan ubanta, hannun mace ta biyu. Wannan ita ce Tabawa, yayar Sallau, wadda mijinta ya rasu ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gidan ƙanenta da akwati ɗaya da carbi.

Tabawa ba ta karatu, ba ta kuma san agogo ba. Sai ta samo ƙoƙo biyu da ƙwallon dabino sittin. In ta ba da maganin safe bayan ta idar da salla, ta ɗauki ƙwallo ɗaya daga wannan ƙoƙon ta jefa a wancan. Da magariba ma haka. Ranar da goma suka rage, ta san lokacin tsallaka gulbi ya yi. Takan murƙushe ƙwayar a cokali, ta haɗa da ɗan zuma, ta tallafi haɓar yarinyar har sai ta ga maƙogwaro ya motsa, sannan ta saki.

Shekara biyar tana haka. Ba ta kwana a gidan biki ba, ba ta kwana a gidan rasuwa ba. Ranar da aminiyarta ta ƙuruciya ta rasu a wani ƙauye, a tsaye ta yi gaisuwa ta juyo, don kada magariba ta same ta a hanya. Wata shekara maganin ya yanke a gari. Ta bi motar kasuwa zuwa garin gaba, babu, ta wuce na gaba da shi. Ta dawo ƙafafu a kumbure, rana na faɗuwa, ƙwallo ɗaya tak ya rage a ƙoƙo.

Amma tafiyar ba ita ce mai wuya ba, bakin mutane ne. Da shekara ta zagayo ba jijjiga, kowa ya ce ai ta warke, a daina. Maganin na sa yarinyar barci, yana mai da ita kamar tsumman da aka jiƙa. Maƙwabta suka ce Tabawa na dakushe 'yar mutane da ƙwaya. Sallau kansa ya dawo daga tafiya ya ga 'yarsa na gyangyaɗi da rana tsaka, ya ce, Yaya, ko a ɗan hutar da ita. Tabawa ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba.

"Kai kana kudu ranar da abin ya ƙi sakinta," in ji ta. "Ni ina wurin, na je ganinta. Ina cikin waɗanda suka ja da baya. Ba zan sake tsayawa ina kallo ba."

Bai ƙara tayar da maganar ba.

Sai dai Tabawa ta yi wani abu, kuma don ƙauna ta yi shi. Ta tuna cewa ranar da abin ya zo daka ake yi. Tsofaffi kuwa sun ce wannan ciwo ba ya mutuwa, barci yake yi, ƙara ce ke tashinsa. Sai ta rufe gidan da shiru. Ta kai turmi maƙwabta, ta kyautar da zakara, ta cire batirin rediyon Sallau ta ɓoye, ta hana yara shigowa. Ita kanta ta daina ɗaga murya, da hannu take kiran yarinyar. Talle ta tashi a ɗaki mai duhu-duhu, a kan shimfiɗa mai laushi, inda ba abin da ke faɗuwa, ba wanda ke dariya. Jijjiga ba ta dawo ba. Amma ta shekara huɗu ba ta ce Baba ba. Tana tafiya tana dafa bango, tana kallon mutane yadda ake kallon ruwan sama daga bakin ƙofa. Mutane suka ce ai ciwon ya tafi da komai, Sallau ma ya yarda. In ya dawo yakan zauna yana kallon fuskar Hajo a kan fuskar da ba ta san shi ba, sannan ya tashi ya tafi lambu ko da babu aikin yi.

Mace ta uku ba dangi ba ce. Barira ce, maƙwabciya, danga ɗaya ta raba su. Mijinta ya rasu suna da shekara biyu da aure, ba ɗa. Ta ƙi komawa gidan iyayenta, ta riƙe ɗan lambunsa, ta zama ita ce ke rainon irin albasa, manoma na saye a wurinta lokacin dashe. Iri ba ya mutuwa a hannunta. Tana da wata ɗabi'a da ake yi mata dariya a kai: duk abin da ta taɓa sai ta yi masa magana, kaji ne, tukunya ce, ko irin da take ba ruwa.

A jikin dangar akwai wata ɓaraka inda akuya ta ci. Wata rana Barira na wanke-wanke tana yi wa tukunya faɗa, ta ɗaga kai ta ga ido biyu a ɓarakar. Ba ta kira kowa ba. Ta ɗaga ludayi ta ce wannan ludayi ne, malalaci ne, ba ya aiki sai an riƙe shi. Idon bai ƙifta ba. Washegari ya dawo.

Wata shida ta yi tana magana da ɓaraka, a lokacin da Tabawa ke ɗan kishingiɗawa bayan azahar. Tana miƙa wa yarinyar abubuwa ta taɓa: ganyen albasa, jiƙaƙƙiyar ƙasa, gashin kaza, ƙanzon tuwo. Tana faɗin sunan kowanne sau goma, sau ɗari. Ba amsa. Akwai ranakun da ta gaji ta rantse ta daina, ta ce wa kanta ita da ba ta haifa ba me ya kai ta. Gobe kuma sai ta tsinci kanta a gindin danga da murfin kwano a hannu.

Tabawa ta kama su wata rana. An yi faɗa, amma cikin raɗa, don Tabawa ko zagi za ta yi ba ta yarda ya fi numfashi ƙara ba. Ta ce Barira na so ta tayar mata da abin da ta shekara uku tana lallaɓawa, in surutu take nema ga kajinta nan. Barira ta saurara har ta gama.

"Gwaggo," in ji ta, "na taɓa manta kwando kife a kan iri kwana goma. Bai mutu ba. Amma fari ya fito, da na ɗaga kwandon sai ya kwanta."

Ranar karɓar magani suka tsallaka tare, ba mai kula wata a cikin jirgi. Likitan ya ji ta bakin kowacce, ya dafe kansa. Ya ce Tabawa ta yi daidai a kan magani da barci, ba don ita ba da babu abin da ya rage da za a yi gardama a kai. Amma ba daka ba ce ta kawo ciwon. Saiwar nan da ya yi wa Sallau bayani, in ji shi, tana miƙawa ne wajen abin da ke kiranta, murya, da wasa, da taɓawa. In ba abin da ya kira ta, sai ta tsaya inda take. Tabawa ba ta gama yarda ba, amma ta ba da yarinyar daga hantsi zuwa azahar.

Barira ta riƙa kai ta lambu. Ta koya mata tafiya a kan ƙasa mai gargada ba bango, ta koya mata dashe: a huda da yatsa, a sa, a danne. Yau ta iya, gobe ta manta, a sake. Wata safiya Barira ta shagala da hira da wani iri da ya ƙi tsayuwa, ta manta ba ta toshe hanyar ruwa ba. Sai ta ji an ja mata zane. Talle ta nuna da yatsa ta ce, "Ruwa." Barira ta zauna daɓas a cikin taɓo, ta bar ruwan ya yi ta gudu.

Kafin ta cika shida, Talle na magana, a hankali, kamar mai taka ƙasa mai santsi. Ta san sunayen mutane, ta san na kaji. Ranar da Sallau ya dawo ta ce masa, Baba ka daɗe, sai ya juya ya fuskanci bango ya daɗe yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Ko don yarinyar Barira ta yi duk wannan, ko da ɗan rabon uban a ciki, ban sani ba, ƙila ita ma ba ta sani ba. Na dai san ta iya bambance tarinsa da na kowa ta bayan danga. Shi kuma in ya dawo daga kudu yakan zo da kwakwa biyu, ɗaya ta gida, ɗaya ya ɗora a kan dangar ya wuce.

To, da Talle ta zama yarinyar da ake sha'awa, sai kowa ya tuna haƙƙinsa. Kuluwa ta ce nononta ta sha, jinin yayarta ce, a riƙa kawo ta gari ta saba da 'yan'uwanta. Tabawa ta ce ba inda za ta. Barira ba ta nemi komai ba, amma yarinyar ce ke kuka a gindin danga. Sallau kuwa bai taɓa iya ce wa mace a'a ba. Sai ya raba: mako ɗaya a gari, mako ɗaya a gida, in tana gida kuma ta yini a lambu.

Ƙoƙon Tabawa ba ya tsallaka gulbi. Takan ƙulle maganin mako a bakin zane ta ba Kuluwa, ta maimaita mata sau uku. Amma gidan Kuluwa yara bakwai ne a ɗaki biyu, ba lokacin ci, ba lokacin kwanciya. Wani lokaci a ba ta, wani lokaci kowa ya zaci wani ya ba ta. In an dawo da ita Tabawa ta kwance ƙullin ta tarar da uku ko huɗu a ciki, a yi ta cacar baki. Ga shi kowane gida da dokarsa. Nan a ce mata yi shiru, can a ce buɗe baki mana, a lambu kuma a ce faɗi sunan wannan. Yarinyar ta rame, ta riƙa yin barci a zaune.

Abin ya dawo tana da shekara bakwai, a lambu, da hantsi, a bakin hanyar ruwa. Barira ba ta taɓa ganinsa da idonta ba. Ita da ke magana da tukunya, bakinta ya mutu. Ƙafafunta suka ja ta da baya har ta jingina da bishiyar mangwaro, hannu biyu a ka. Yarinyar na ƙasa tana jijjiga, tsakanin fuskarta da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Allah ya sa Sallau bai yi tafiya ba, yana gonar da ke kusa. Shi ya janye ta, shi ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa jirgi. Shi ma ranar ya fara ganin mai tsanani irin wannan.

Da ta farfaɗo a asibiti, rabin maganarta ta tafi. Aka nuna mata ludayi, ta juya shi ta ajiye. Barira ta shigo, Talle ta yi murmushi, ta buɗe baki tana neman sunan, ta daɗe tana nema, sannan ta rufe bakin.

Likitan ya yi furfura a lokacin. Ya kira Sallau shi kaɗai.

"Malam Sallau, na gaji da ganinku, ba don ba na son ku ba. Ƙwaƙwalwarta na tsiro har yanzu, amma kai ka fi ni sanin lokacin dashe ba ya jiran mutum. Duk doguwar jijjiga da ta zo sai ta tafi da wani abu, kuma ba duk abin da ya tafi ke dawowa ba. Gida ɗaya, hannu ɗaya, lokacin barci ɗaya. Sauran su riƙa zuwa ganinta. Ka zaɓa kafin ka sake tafiya."

Motoci kuwa ranar Asabar za su tashi, kuma tafiyar nan ita ce abincin gidan.

Kuluwa ce ta fara zuwa. Gidanta da asibiti ko takalmi ba sai an sa ba. Ba ta tsoron kumfa, ba ta tsoron ruwa, ga yara da Talle za ta yi wasa da su, ga makaranta. Amma ita ce ta bar magani a ƙulle, kuma ba ta musa ba. Wannan karon ba ta yi dariya ba da ta kira shi da sunan da ta saba.

"Angon albasa, ni ban iya lissafin ƙwallon dabino ba, na yarda. Amma ranar da abin ya sake zuwa, wa kake so ya kasance a tsaye a kanta?"

Tabawa ba ta je ko'ina ba, a ɗakinta ta jira shi. A hannunta yarinyar ta shekara biyar ba jijjiga ko ɗaya. Amma ta haura sittin, idonta ya fara hazo, da yatsa take laluben ƙwallayen yanzu. Ba za ta iya ɗaukar yarinya 'yar shekara bakwai zuwa bakin gulbi ba. Kuma tun ranar da aka dawo ta sa aka toshe ɓarakar danga da sabon zana, ta rantse in a wurinta Talle za ta zauna, ba lambu, ba surutu. In kuma an ba wata, ita za ta koma ƙauyen dangin mijinta, don ba za ta iya zama tana jin magariba na wucewa a wani gida ba ta san an ba da magani ko ba a ba da ba.

"In ka ba wata, ka haɗa mata da ƙoƙon," in ji ta, cikin raɗarta. "Sai dai ƙoƙon bai taɓa tashina ba, ni nake tashi."

Barira ba ta zo ba sam. Shi ya same ta a lambu da la'asar, tana ba iri ruwa, kuma karon farko bai ji tana yi wa irin magana ba. Ya tsaya, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in ta yarda ta aure shi, ai maganar ta ƙare, gida ya zama ɗaya.

"Baban Talle, na gudu. Ka gani da idonka."

Ya ce kowa ya taɓa gudu sau ɗaya. Ta ce ita ba ta sani ba ko sau ɗaya ne nata, kuma ba a kan yarinyar ya kamata a gwada ba. Ta ce ba za ta shiga gidansa don ta fitar da shi daga wuya ba, ba kuma za ta karɓi yarinya ta hanyar aure ba. Ta ce ya yanke hukunci kamar ita maƙwabciya ce kawai, ɗaya maganar in tana da sauran rai a yi ta daga baya. Har ya juya zai tafi, sai ta ƙara abu ɗaya. Ta ce kalmomin nan da suka tafi, ita ta san inda aka fara dasa kowacce, da wadda ta riga wata, da abin da aka riƙe a hannu ranar. Ba wanda ya sani sai ita.

Kada wata a cikinku ta ce mini a haɗa su wuri ɗaya, an gwada rabon, kun ji abin da ya haifar. Kada kuma ku ce a tambayi yarinyar. An tambaye ta. Ranar Juma'a da yamma Sallau ya zaunar da ita a ƙofar gida, ana jin masu lodi na jefa buhuna a mota, ya ce mata wurin wa take so ta zauna, Inna Kuluwa, ko Gwaggo, ko maƙwabciya. Ta dube shi ta daɗe tana haɗa maganar, sannan ta ce, "Baba, ina so in kwanta." Ta ɗora kai a cinyarsa ta yi barci.

Ni ma a nan na tsaya, na gaji. Ɗaya ta tsallaka da ita ruwa, amma tana manta magani. Ɗaya ba ta taɓa mantawa ba, amma gidanta shiru ne, ga ƙarfi ya ƙare. Ɗaya ta ba ta magana, amma ranar da aka fi bukatarta ta ja da baya. Gobe mota za ta tashi, yarinya kuwa ɗaya ce. To, ku faɗa mini, a hannun wace ce Sallau zai bar Talle?